Minti Biyu na Lawal

…kuma wai ita Maijidda so take ta ji. 'Yar yayansa Lawal, tana hanya daga Bakori, bayan la'asar za ta iso. "Baba Mudi, an ce akwai busar babana a wurinka." An ce! Wa ya ce? Mutanen Funtua dai ba sa barin magana ta kwanta.

Mudi na zaune a zaure, rikoda a cinya, batir sabo. Ga kaset ɗin, ga rubutun marigayin a jiki, a karkace kamar kunyar sabon manomi. Ya danna.

Begila. Tsofaffin waƙoƙin nan na bakin turmi, amma babu murya, ƙarfe ne ke rerawa. Lawal na jan numfashi daidai inda Innarsu take ja in tana daka… nan, nan wurin… sai ka rantse ita ce a tsakar gida. Har Kaduna ya je aka ɗauka. Ɗaya tak ya rage, ya kawo wa ƙanensa. "Riƙe min, kai ne mai adana kaya."

Mai adana kaya!

Minti biyu. Sai ƙas.

Tari. Tarin Mudi ne. Sai muryarsa, "Gwaji, gwaji." Sai wa'azi har ƙarshen gefen, har ɗaya gefen.

Da hannunsa ya cusa takarda a ramin kaset ɗin don ya karɓi ɗauka, da yatsansa ya danna jan maɓallin. Wai ceto. Ceton wa? Wa'azin ma ko sau ɗaya bai saurara ba. Tsoron Allah? Ƙarya yake. Haushi ne, haushi tsagwaronsa — ana tafa wa Lawal a gidajen biki, shi yana can gonar masara da tankin feshi a baya, ido na yaji.

Shekara ashirin Lawal bai tambaya ba. Ko da yake kwance ciwon ajali, bai tambaya ba. Ya sani ke nan? Ya sani ya yi shiru? Mugu. Da zaginsa ya yi, da tuni an wuce wurin…

Ƙarar babur a ƙofa. Sallama, muryar mace.

Ya zare kaset ɗin, ya soka biro, yana juyawa baya. In ya kashe kafin tarin… in ya kashe daidai… za ta ɗago ta ce, Baba, sauran fa?

Biron na ta juyawa. Bai amsa sallamar ba tukuna.