Ɓarawo na Biyar

"Danna, Tela! Danna mana, zai tsere!"

Tela ya danna. Motar 'yan sandan da ke cikin talabijin ta zabura, jiniya na kuka, ta bi bayan wata shuɗiyar mota. Suna dab da cim mata hanya ta yi kwana, Baba Direba ya makara wajen karya kan motar, suka rungumi bishiya. Ɓarawon ya ɓace a ƙarshen titi.

"Ka gani ko? Hannunka nauyi gare shi kamar na maƙeri."

"Baba, ai kai ke tuƙi."

"Ni ke tuƙi, kai ke ɓata min."

Bango ɗaya ne tsakanin shagon Tela da falon Baba Direba. Shekara talatin da ɗaya Baba ya yi yana tuƙa motar 'yan sanda, amma da bakinsa yake cewa ko akuya bai taɓa kora ba. Aikinsa kai matar maigidansa kasuwa da ɗauko yara daga makaranta. Da ya yi ritaya yaran sun girma, sai aka haɗa masa tsohuwar kwamfutarsu a kwali: allon maɓallai ruwan toka, da rikoda, da kaset ɗaya tak. Sai kaset ɗin ya yi minti biyar yana ƙara kamar ana karce kwano kafin wasan ya fito. Ɓarayi biyar ne a ciki. Ka bi mutum, ka yi ta dukan motarsa da taka har ta yi hayaƙi ta tsaya. Huɗun farko Baba ya kama su ba adadi. Na biyar, mai shuɗiyar mota, shekara da shekaru yana yi masa gwalo.

Bara hawan jini ya kayar da shi a bakin famfo, ya tashi hannun hagu ba ya motsi. Kwana uku da dawowarsa gida, matarsa Inna ta leƙo shago.

"Tela, don Allah ka ara wa baban naka hannu. Tun jiya yake kallon abin nan, ko ruwa ya ƙi sha."

Shi ke nan, kullum ƙarfe huɗu Tela zai rufe keken ɗinki, ya karkaɗe zare daga jikinsa, ya zagaya. Baba na riƙe da maɓallan hagu da dama da yatsu biyu, Tela kuma totur da giya. Masu kawo ɗinki har sun saba: in ba a gan shi ba, a ce ya tafi kamun ɓarawo.

A 'yan makonnin nan ƙafafun Baba suka kumbura, silifa ya daina shiga. Daga gado zuwa kujera sai ya tsaya hutawa sau biyu. Aka yi aka yi ya je asibiti, ya ce gajiya ce kawai. Ranar Asabar da safe 'yarsa, malamar makaranta a wani gari, ta iso da motar haya, ta tsaya a ƙofar falo da jaka a kafaɗa.

"Baba, ba na zo shawara ba ne. Mota na jira."

"To ta jira. Kira min Tela."

"Baba!"

"Wasa ɗaya, 'yar nan. Shekara nawa nake jiran mutane a mota? Yau ni ma a jira ni."

Tela ya shigo da tef ɗin awo a wuya. Ya dubi malamar, ta kawar da kai tana goge ido, ta ɗaga masa hannu alamar ya yi. Ya zura kaset ɗin a rikoda, ya zauna kusa da Baba.

Sun kama na farko, sun kama na biyu. A na uku ne Tela ya lura motar ta daina shan kwana. Ya saci kallon allon maɓallan. Yatsun Baba na kansu, amma ba su da ƙarfin da za su nutsar da su. Shi kuwa idonsa na kan talabijin, yana karkata kafaɗa kamar yana murɗa sitiyari.

Tela ya matso da kujerarsa. Ya zura hannun dama ƙarƙashin tafin Baba, ya ɗora yatsunsa a gefen nasa. Hannun tsohon sanyi ƙalau, ba nauyi. Baba ya karkata hagu, Tela ya danna hagu.

Haka suka wuce na huɗu. Shuɗiyar mota ta bayyana.

"Kar ka yi gaggawa," in ji Baba. "Bari ya shiga ramin dutsen nan. Yanzu! Ba ta wuta!"

Suka dake ta. Suka ƙara. Inna ta fito daga kicin da cokali a hannu, malamar ma ta manta da jakarta tana cewa, "Ta gefe, ta gefe!" A duka na bakwai hayaƙi ya turnuƙe shuɗiyar motar, ta ja ta tsaya a gefen titi. Wani ɗan mutum ya fito ya ɗaga hannuwa sama.

Baba ya daɗe yana kallonsa.

"Ashe ɗan firit ne ma," ya ce. Sannan ya juyo, ya matse yatsun Tela da ɗan ƙarfin da ya rage masa. "Wannan tuƙin ba nawa ba ne. Ni ba na yanka kwana haka, kamar mai yanka yadi. Amma ba laifi, ka fara koya."

Tela ya tashi ya kashe talabijin.

Shi ya ɗauki Baba cak ya sa a mota. Tun kafin su bar layin Baba ya fara faɗa wa direban hayar cewa yana cin kuloci.

Ranar Talata da hantsi, Tela na tsakiyar yanka wata riga, malamar ta kira shi a waya. Ta ce Baba ya cika a asibiti, ba wahala, bayan ya sha rabin kofin shayi. Tela ya ce Allah ya jiƙansa, ya ajiye almakashi, ya zauna a kan buhun ƙyallaye. Yana nan zaune ya ji kukan Inna ta bango.

Bayan mako biyu, da baƙi suka watse, Inna ta aiko kiransa. Ta miƙa masa wata tsohuwar rigar Baba mai kauri.

"Ɗinka wa abin nan murfi, kar ƙura ta cinye shi. Ka bar ƙofa ta baya inda waya za ta fita."

Tela ya durƙusa gaban teburin kwamfutar, ya zare tef daga wuya ya auna tsawo, ya auna faɗi. A nan ya ga maɓallai biyun nan na hagu da dama sun goge, haruffansu sun ɓace, tsakiyarsu ta lotsa daidai kan yatsa. Inna ta riƙe masa bakin tef ɗin, shi kuma ya rubuta awon da alli a jikin rigar.