Littattafan Malam Ɗalha a Teburin Mai Tsire

Kamalu ya sayar wa mai tsire buhu guda na littattafan ubansa, uban yana kwance a zaure yana barci.

Da idona na gani. Katanga ɗaya ce tsakanina da Malam Ɗalha mai littafi a nan Kankiya. Ina ƙofar gida ina gyaran ƙotar fartanya, sai ga Mamuda mai tsire ya fito daga gidan da buhu a ka, Kamalu yana biye da shi.

Na ce, "Kai Kamalu, mi ke nan?"

"Baba Ɗanmaliki, allura likita ya rubuto. Ba abin da ya saura gidan nan sai takarda."

"Ya sani?"

Ya sunkuyar da kai. Na koma kan fartanyata. Ciwon hanta ya ci uban, yaron kuma ba ɓarawo ba ne.

Ni ban yi nisa a boko ba, da wuri aka mai da ni gona. Amma na san mutum in na gan shi. Tun muna da baƙin gashi Malam Ɗalha yake ɗaure kwali a bayan keke, yau kasuwar Kusada, gobe Kunduru. Kowa ya ce masa ya riƙe littattafan jarrabawa, su ke da kasuwa. Ya ƙi. Na yara yake ɗauka, na Hausa, masu zane. Da suka yi wuya, sai ya dinga bin tsofaffin mata suna ba shi tatsuniya, malaman firamare su rubuta, ya kai Kano a buga. Yaron da ba shi da abin saye, ga tabarma nan, ya zauna ya karanta. Sharaɗinsa ɗaya ne, a wanke hannu. Na sha gaya masa wannan ba sana'a ba ce. Sai ya ce, "Kai dai je ka noma dawarka."

Washegari bayan la'asar ina gefensa ina yi masa fifita, sai ga Rauda, 'yar makwabcinmu tela, ta yi sallama. Takarda ce a hannunta, duk mai da yaji.

"Malam, Babanmu ya aike ni tsire, sai aka ƙunso cikin wannan. Labarin akuyar da ta hau motar Kano ne. Ina sauran?"

Na so in kore ta. Malam ya riga ni miƙa hannu. Ya dubi takardar gaba da baya, ya daɗe yana dubawa. Kamalu yana tsaye bakin ƙofa kamar an kafa shi.

Malam ya ce, "Kamalu, an samu allurar?"

"An samu, Baba."

"To, madalla."

Iyakar abin da ya ce masa ke nan. Ya juya ga yarinyar. "Je ki wanke hannu, ki zo ki zauna."

Da ka ya ba ta sauran labarin. Murya tana ɗaukewa, in ba shi ruwa, ya ci gaba. Har kukan akuya ya yi mata, har faɗan kwandasta. Rauda tana dariya, ba ta san komai ba. Da ya kai ƙarshe ya dube ni.

"Ɗanmaliki, ka gani? Har tsire na sa a makaranta."

Ban yi dariya ba. Waje na fita.

Ranar Alhamis da hantsi ya cika. Allah ya jiƙansa. Na ga jana'izar masu kuɗi a garin nan, ban ga irin tasa ba. Yara daga Tafashiya da Bauranya, wasu a ƙafa suka zo, suka tsaya nesa jikin katanga, ba mai hayaniya. Akwai wani mai gemu, malamin asibiti, da ya ce a tabarmar Malam ya fara haɗa baƙi.

Bayan sadakar bakwai Kamalu zai koma Kaduna wurin aikinsa na gini. Ɗakin littattafan yana yoyo, gara kuma ta soma hawa bango. Ya aika a kira Mamuda ya kwashe sauran. Na ɗauki sandata na tsaya bakin zauren. Ba ni da gado a gidan, ban kuma san abin da zan yi da sandar ba. Na dai tsaya.

Mamuda ya zo hannu rabbana, ba buhu. Ya yi gaisuwa, ya leƙa ɗakin, ya dawo ya tsuguna.

Kamalu ya ce, "Ga su nan, ka ɗauka duka. Ko nawa ka bayar."

"Kamalu, tun da na kai wancan buhun ban huta ba. Yara sun kewaye mini tebur. Mutum ya saya ya juya, sai su bi shi, wai in ya cinye ya ba su takardar. Jiya na ɗaga hannu zan yage shafi, wani ɗan ƙarami ya riƙe mini riga."

"To ni ya zan yi da su? Gara za ta cinye."

"Ka buɗe ƙofa ka shimfiɗa tabarma, ka gani ko gara za ta samu."

"Mamuda, don Allah."

Mamuda ya miƙe, ya kakkaɓe wandonsa.

"Ba na saye."