Matar da Ke Zama Kusa da Sikeli

Aikin Muhsina a rumfar tamowa ta Kaura Namoda ɗaya ne: ta ɗora yaro kan sikeli, ta karanta nauyinsa da ƙarfi, Malam Dalhatu ma'aikacin lafiya ya rubuta. Daga aji huɗu ta bar makaranta a Kurya Madaro, don haka shi ya koya mata faɗar lamba da Turanci.

"Bayan ɗigo ɗaya-ɗaya ake kiran lambobi," in ji shi. "Six point two five kilograms. In kin bar kilogiram, buhun gero kika auna ko ɗan mutum?"

Iyaye mata sun fi son haka. A wajensu ba a faɗin nauyin yaro da Hausa a bainar jama'a, baki na kama shi. Tsohuwa Zulai mai shara ta ce abin da ke saurare bai yi boko ba, Turanci wuce shi yake yi.

Cikin yaran akwai Fatimatu, ɗiyar yayarta Zainab, wadda aka kawo ƙashi da fata. Sai an rubuta nauyinta ake ba ta tamowar mako, wato abincin ledar nan na yara masu yunwa, da ita take rayuwa.

Wata Talata da hantsi wata dattijuwa ta zauna bakin tabarma kusa da sikeli. Ta ɗaura zanen goyo tamau, amma babu kowa a bayanta. Aka ɗora wani yaro, Anwar, daga Zurmi. Muhsina ta karanta da Turanci.

"Ɗiyata, mi kika ce? Nawa na shi?" matar ta tambaya a hankali.

Muhsina ba ta iya ƙyale babba ba amsa. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Kilo bakwai ne da ɗan ɗori, Inna."

Matar ta gode mata. Mako ya zagayo ba a kawo Anwar ba, uwarsa ta aiko a cire sunansa, ya rasu. Dattijuwar kuwa ta dawo wurin zamanta, goyonta ya ɗan yi tudu.

Daga nan Muhsina ta daure. Duk tambayar da matar ta yi, Turanci take maimaita mata. Matar ba ta yi fushi ba. Leɓɓanta kawai suke motsi bayan kowace lamba. Ranar da Dalhatu ya gaya wa wani baƙo cewa seventy percent na yaran sun murmure, Muhsina ta ji ta ce ƙasa-ƙasa, "Saura talatin ke nan."

Talata ta huɗu aka zo kan Fatimatu. Allurar sikeli ta tsaya. Kafin Muhsina ta buɗe baki, matar ta ce, "Faɗi mana. Wancan makon six point one kilograms ta yi." Ta faɗe shi tsaf, ya fi na Muhsina kyau.

Muhsina ta kare fuskar sikelin da hijabinta.

"Ke muke jira, Hajiya Baturiya," in ji Dalhatu. "Layi ya kai bakin titi."

"Malam, ba ni biro."

"Bakin naki ya tafi hutu?"

"Don Allah, Malam."

"Muhsina, faɗi a ba mu mu tafi," in ji Zainab, "yarinya na kuka."

Dalhatu ya dubi inda take kallo. Tabarma kawai ya gani, ba kowa a kanta. Amma ya miƙa mata biron. Ta rubuta a katin Fatimatu a ƙarƙashin hijabi, ta saka ɗigon, ta saka kg, ta ninke katin ta danƙa wa Zainab.

"Malam, kar ka sa wannan a littafi. Ko a kore ni."

Bai sa a littafin ba, ya ƙirga tamowa ya ba Zainab. Muhsina ta raka su har bakin titi, ta ce daga yau Shinkafi za su riƙa kai Fatimatu awo, komai nisa. Sai da babur ya ɓace ta juyo.

Matar ta bar tabarma. Tana tsaye bayan kafaɗar Dalhatu, ta sunkuya kan buɗaɗɗen littafinsa, yatsanta na bin layin lambobi a hankali.