Ranar da Kyaftin Ya Sunkuya

A kwalejinmu ta Masacusets a Amurka ba a taɓa yin mai hannu irin na Lemuel Pratt ba. Harshen Latin kam bai san ta ina ake kama shi ba. Amma a ƙwallon sanda, in ka doki ƙwallo ka ruga zagayen turaku Lemuel na fili, to ka bar wasiyya. Dokarmu ta gado ita ce a jefi mai gudu, in ƙwallo ta same shi ya fita. Shekara uku muna atisaye da shi, duk mun ƙware a sunkuyawa fiye da karatu.

Sai a 1866 wayewa ta iso daga New York cikin ɗan littafi. Wai jifa aikin ƙauyawa ne. Ɗan mutunci abokinsa da ke tsaye a turke yake wurga wa ƙwallo, shi ya cafe kafin mai gudu ya iso. Kyaftin ɗinmu Orrin Whitcomb ya taɓa kwana biyu a New York, saboda haka ya fi kowa sani.

"Ka ji ni da kyau, Pratt," in ji shi. "Ranar Asabar ka kunyata mu gaban baƙi, ka ajiye hular ƙungiyarmu."

"To in ban jefi mutum ba, me na zo yi?"

"Ni za ka wurga wa, sakarai. Ni!"

Lemuel ba shi da komai a makarantar nan sai wannan hula. Mako guda yana bayan ɗakin cin abinci yana wurga ƙwallo cikin kwando, har ya ba ni tausayi.

Asabar ɗaliban kwalejin ƙetaren kogi suka zo da gashin bakinsu a murɗe. Muna gaba da ci ɗaya, mutum biyu nasu suna kan turaku, saura mu fitar da ɗaya mu tashi. Na ukunsu ya doki ƙwallo, ta gangaro hannun Lemuel. Ga mai gudu ya ba shi baya, faffaɗa kamar ƙofar rumbu. Manoman da ke kallo suka hau ihu, "Narka masa!"

Bai narka ba. Ya juya ya wurga wa Orrin, saiti ɗaya da ƙirjinsa, yadda littafi ya ce.

Orrin ya ga hannun Lemuel ya ɗaga. Masanin New York ya rufe kai ya zube ƙasa. Ƙwallo ta wuce ta shige gonar kabewa, mutum biyu suka ƙarasa zagaye suna tafiyar ƙasaita, aka cinye mu.

Da yamma kwamitin ƙungiya ya zauna, Orrin ne shugaba. Aka gano cewa wurgin ya yi ƙarfi, bai dace da sabuwar doka ba. Na so in yi magana, sai na tuna ni ma da sunkuyawar zan yi, na ja bakina. Har yau abin na cina.

Lemuel ya cire hular ya miƙa. Orrin ya sake kare fuska.