Ƙafar da ta ƙona kuloci

...da ma aike ta yi da furar nan. Ga Raliya tsaye a garejin Gajere, kwano a hannu, ba wurin ajiyewa, ko'ina baƙin mai. Inji na rataye da sarƙa kamar ragon layya. Motar Alhaji Abdulgafar, wadda mijinta Haris ke ja daga Belbeji zuwa Tarka — ciki a buɗe, wayam.

Mai kawai ke yoyo, in ji Haris. To me ya kai hannun Gajere can baya? Wai tunda inji na ƙasa gara a duba kuloci, in an mayar sai an sake saukewa... Wa ya tambaye shi?

Ga faifan kulocin ya fito. Baƙi ƙirin, ya suɗe. Gajere na sunsunawa. Ƙaurin nan — ta san shi. Bayan la'asar, can gaban gonakin hatsi, ba kowa sai raƙuma. Ta tuɓe takalmi. "Ɗaga ƙafar, amarya, ɗaga duka," Haris na dariya, hannunsa bisa nata a sitiyari. Ita ko tsoro, ƙafar hagun ta ƙi sakin abin taka kulocin, yashi na riƙe taya, mota na kuka, wari kamar tuwon da aka manta a wuta. Tun kaka yake koya mata tuƙi a ɓoye. Ta taɓa cewa a bari? Ina! Iskar nan da ke ɗaga mata mayafi, ita ce ke tafiyar da duniya...

Alhaji, da tun ɗazu ke tsaye a gefe, na juya faifan a hannu. Mutumin da ya ce ko ɗan cikinsa ya taɓa sitiyarin nan, direba ya aje makulli.

"Wannan ƙafar ɗan koyo ce, Alhaji," in ji Gajere. "Haris ba ya tuƙi haka."

Buɗe baki mana. Ni ce, Baba Alhaji... sai kuma me? A karɓe motar, gobe duk tasha ta ji ya ba mace. In ta yi shiru fa? Kwanon ya yi nauyi. Me ya sa Haris ba ya kallonta? Gara haka. A'a, ya kalle ta ko sau ɗaya —

"Ƙafata ce," in ji Haris. "Na sangarce ne."

Direbobin da ke shan shayi a inuwa sun kwashe da dariya. Haris — wanda ake cewa yashi na jin kunyarsa. Ya ɗauki sunansa ya shimfiɗa a ƙasa, don ta taka ta wuce... ita ta roƙe shi? Wa ya ce ya yi?

Makullin na lilo a yatsan Alhaji. Bai sa aljihu ba. Bai miƙa ba.

Ta sunkuyar da kai. Ta hagun, mai lalle, ta danne ƙasa, yatsu sun nutse cikin yashi da mai... ɗaga mana, Raliya. Ta ƙi.