Akwatunan Kawu

Motar Kawu ce kaɗai ba ta motsi a bakin ƙofar kamfanin. Manyan motoci na shiga suna fita: direba ya miƙa wayarsa, na'ura ta yi ƙara, ƙarfen tare hanya ya ɗaga. Ita kuwa tsohuwar a-kori-kurar tana rakuɓe a gefe, an jibga mata akwatunan katako har sun fi kanta tsawo. Daga tagar ofishinta a bene Shugabar Sayayya ta hango ta.

Kamfanin na yin farantai da kofunan tangaran, kayan da ko harara ba sa so. Tun tana 'yar makaranta Kawu, ƙanin mahaifiyarta, yake ƙera akwatunan da ake shirya su a ciki. Shi ya riƙe ta bayan rasuwar uwarta. A rumfarsa ta kafinta ta girma, garin katako a gashinta. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, don haka bai taɓa kama sunanta ba. Uwata yake ce mata, ko a gaban manaja ne, kuma duk duniya babu kiran da ya fi mata wannan daɗi.

Aikin da aka ɗora mata bana shi ne ta gyara hanyar da kaya ke bi, tun daga yumɓu har zuwa shagon mai saye. Kuma wallahi ta gyara. Da can sito cike yake maƙil da abin da ba a nema, abin da ake nema kuma babu, injuna su tsaya, ma'aikata su yi ta hamma. Yanzu ba a tara komai. Kowane mai kawo kaya yana ganin buƙatar kamfani a wayarsa, ya kawo daidai, a lokacin da ake so. Sai maganar akwati ta taso. Na katako yana shan ruwa, ƙusa na karce faranti, in ya tafi kuma ya tafi ke nan. Na roba ana dawo da shi, a wanke, a sake lodi. Ita da bakinta ta faɗi haka a taro, aka tafa mata. Gaskiya ta faɗa, abin baƙin cikin ke nan.

Duk waɗanda aka daina sayen kayansu an tura musu saƙo. Da aka zo kan Kawu ta ɗaga hannu.

"Wannan ku bar mini shi. Ba zan bari ya ji a waya ba, da bakina zan gaya masa."

Ta kuwa je. Ta same shi yana goge katako, fensir a bayan kunne, ya washe baki da ya gan ta.

"Uwata! Na ji labari kun ƙara injin. To ki kwantar da hankalinki, na fara ƙara nawa hannun. Tun da nake, injinku bai taɓa jirana ba."

Haka yake aikinsa, ba ya jira a tambaye shi. Ya ji ƙamshin buƙata, ya riga ta. Ta sha ruwan da ya ba ta, ta yaba katakon, ta tafi ba ta gaya masa ba. Ta koma wani mako, ta sake komawa. Kullum akwatunan na ƙara tudu a bayan rumfa, kullum maganar na ƙara nauyi. Kai, kunya mugun ciwo ce! Matar da ta sa saƙo ke isa kowane lungu kafin ƙiftawar ido, ta kasa kai guda ɗaya gidan da ta tashi.

To yau ga motar a bakin ƙofa. Wayar teburinta ta yi ƙara, mai gadi ne.

"Hajiya, ga Baba kafinta nan da kaya, na'ura ta ƙi shi."

"Ka ce ya jira, ga ni nan."

Ta ce ga ta nan, amma ta daɗe a tsaye tana shirya kalmomi, ta ɗora wannan ta sauke waccan. Kafin ta sauko daga bene ta ratsa tsakar kamfani, motar ta juya, hayaƙinta kawai ta tarar.

"Me ka ce masa?"

Mai gadi ya sosa ƙeya. "Ai na ɗauka ya sani. Na ce an daina katako tun tuni, roba ake yi."

"Shi me ya ce?"

"Ya tambaya wa ya tsara haka. Na ce ai Hajiyarmu ce, har tafi aka yi mata. Ya ce madalla. Sai ya roƙe ni in miƙo masa na robar ɗaya ya gani. Ya juya shi, ya ƙwanƙwasa, ya hau kai ya tsaya. Ya ce mai kyau ne."

Ba ta koma ofis ba. A hanya ta yi kukan da rabonta da irinsa tun ranar da aka fita da mahaifiyarta.

A rumfa ta tarar an sauke lodi. Kawu na zaune a kan guntun itace, ya kifa akwati tsakanin ƙafafunsa yana ɓalle shi. Ya zare ƙusa, ya ɗora ta a kan ƙarfe, ya miƙar da ita da guduma, ya jefa a gwangwani. Sababbin akwatuna ne fil, ko ƙura ba su sha ba. Ta yi sallama, ya amsa bai ɗago ba. Ta durƙusa a cikin garin katakon da tufafin ofishinta.

"Kawu, na yi ta zuwa don in gaya maka. Bakina ne ya ƙi."

"Na ga zuwanki," ya ce a hankali. "Na ɗauka kewata kike yi."

Da ya mare ta da ya fi mata sauƙi.

"Ka yafe mini, Kawu."

"Aikinki kika yi, ba a yi wa mutum faɗa a kan aikinsa. Na ga akwatin nasu, ya fi nawa. Da ni ne a kujerarki shi zan ɗauka." Ya zare wata ƙusar. "Sai dai a ce mai gadi..."

Bai ƙarasa ba. Ta tsaya jiran kalma ɗaya tak, wadda take ji daga bakinsa tun kafin ta iya ɗaura ɗankwali. Ko da faɗa ya haɗa ta, tana so.

Kawu ya miƙe da ƙyar, ya jawo kujerar da yake ajiye wa masu ba da aiki, ya goge ta tas da gefen rigarsa, ya tura mata.

"Tashi ki zauna, ranki ya daɗe. Kada ƙura ta ɓata miki kaya."

Ya koma ya jawo wani akwatin.