Jinin Malam Tanko

Zaituna ta iske mahaifinta a bakin shagonsa na Ƙofar Wambai yana juya madara a cikin kofin maltina. Ya kafa kai ya shanye, ya goge gemu da bayan hannu.

"Na ƙarshe ke nan," in ji Malam Tanko. "Tun makon jiya nake fama, ga hanta, ga zogale. Yau idan suka huda ni sai sun nemo bokiti."

Ta yi murmushin da bai wuce leɓe ba. Ya rufe shagon, ya ja kwaɗon ya sake ja, duk da cewa sayar da kwaɗo da sakata ne sana'arsa tun kafin a haife ta. Mutum ne da idan ka bar ƙofa a buɗe a gidansa, sai ka sha faɗa har ka manta abin da ya kawo ka.

'Yarta Salma, mai shekara bakwai, tana kwance a asibiti. Ciwon sikila ne ya sake tasar mata, karo na uku a bana. A can ne Dakta Maharazu, likitan jini, ya ji wani labari daga bakin Zaituna har ya ajiye alƙalaminsa. Da za a yi wa Malam Tanko aikin ido aka gwada jininsa, aka tarar shi ma cikakken mai sikila ne. Ya haura sittin, kuma ban da sanyin ƙashi da yakan yi lokacin hunturu, bai san gadon asibiti ba. Likitan ya roƙi a kawo shi su ɗebi jininsa don bincike.

Da farko tsohon ya ce jininsa ba kayan kallo ba ne. Kwana biyu bayan haka ya kira ta da kansa, ya ce ashe Salma za a ƙara wa jinin, me ya hana ta faɗa tun farko? Zaituna ba ta gyara masa ba, rashin gyaran nan kuma shi ya fito da shi yau. Tun daga ranar abin yake cin ta.

Suka hau adaidaita sahu. Yana ta lissafa abin da zai saya wa amaryarsa, kamar yadda yake tsokanar jikar tasa, idan an sallame ta. Zaituna ta san idan sun isa likita zai yi masa bayani dalla-dalla kafin a taɓa shi. Ta kuma san halin ubanta. Idan daga bakin baƙo ya ji, zai saka hularsa ya fita, kuma ba zai sake dawowa ba. Da suka tsaya a cunkoson Ƙofar Ɗan Agundi, ta juyo ta dube shi.

"Baba, jinin nan ba Salma za a ƙara wa ba."

"Wa za a ƙara wa?"

"Ba kowa. Mai sikila ba ya ba mai sikila jini. Ɗan kaɗan za su ɗiba su duba."

Ya taɓa kafaɗar direba. "Malam, sauke ni nan."

Ta sallami direban ta bi shi. Tafiya yake da sauri ya nufi cikin gari, babbar rigarsa tana kaɗawa. Ta sha gabansa a gindin ganuwa, abin da ba ta taɓa yi ba tunda take.

"Kin mai da ni yaro, Zaituna."

"Na yi laifi, Baba, kuma na ji kunya. Amma ka saurare ni, idan ka ga dama sai ka wuce."

Bai wuce ba.

"Likita ya ce kowane jariri da wani irin jini ake haifarsa, wanda sikila ba ta iya lanƙwasawa. Ka tuna watannin Salma na farko, yadda ta yi ɓul-ɓul? To daga baya akwai wani sinadari a jiki da yake zuwa ya zauna a kan ƙwayar halittar da ke sa a yi wannan jinin. Shi kaɗai ba ya iyawa, sai ya tara abokan aikinsa su taya shi dannewa, su rufe wurin ruf. A jikin Salma sun rufe. A naka ba su rufe duka ba, jinin jarirantaka bai daina fitowa ba har yau. So suke su gano wanne ne a cikinsu ya yi sakaci, ko a samu hanyar sa shi ya yi sakacin a jikin wasu."

Malam Tanko ya shafa gemu.

"Wato kwaɗon da ke jikina jabu ne."

"Shi ya raya ka, Baba."

"Idan sun gano, za ta warke?"

Ƙarya tana nan a bakinta, mai sauƙi, kuma ta san za ta yi aiki. Ta ce, "Bai yi mini alkawari ba. Ya ce abin zai ɗau shekaru. Wataƙila ta samu, wataƙila sai na bayanta."

"To ke me ya sa kika nace?"

"Saboda na gaji da riƙe mata ƙafa ina ba ta haƙuri. Wannan ne abu ɗaya da aka ce in yi wanda ba jira ba ne."

Ya dubi titi, ya gyara zaman hularsa, ya ɗaga hannu ya tsai da wani adaidaita, ya ce asibiti za a kai su.

A ɗakin gwaji ya saurari likita har ƙarshe, ya yarda, ya naɗe hannun riga har kafaɗa. Ma'aikaciyar ta cika 'yar kwalba da ba ta fi ɗan yatsa ba, ta danna masa auduga.

"Shi ke nan?" ya ce. "Hantar nan duk ta tafi a banza." Ya juya wurin likitan. "Ka ce kuna son na dangi ma? Ina da ƙanne biyu a Mandawari. Taurin kai gare su, amma ni na goya su. Ranar Litinin za ka gan su."

Salma tana farke da suka shiga, ƙarin ruwa a hannunta, idanunta sun yi rawaya. Ta hango audugar.

"Kaka, ka kawo mini jinin?"

Zaituna ba ta san ya yi wa yarinyar alkawari ba. Ta buɗe baki, ya ɗaga mata hannu. Ya zauna a bakin gadon, ya ɗauki ƙafar da ke ciwon ya ɗora a cinyarsa.

"Ban kawo ba, amarya. Na faɗa miki abin da ban sani ba. Sun ce sai sun yi karatunsa tukuna, kuma karatun da tsawo."

"Sai yaushe?"

"Ban sani ba. Amma zan riƙa zuwa ina tambayarsu har su gaji da ganina."

Ya fara matsa mata ƙafar a hankali. Zaituna ta ja kujera ta zauna, ta bar masa.